Yaron Da Ya Ƙi Sunkuyawa

Sa'ad da Edita ya yi shela a kawo rubutu domin shafukan Hausa, na fara tunanin in ba da labari mai daɗi, kamar na wasan ƙwallo ko na ƙungiyar mawaƙa. Amma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun lokacin da na je koyarwar gwaji, na kuwa ga gara in faɗe ta, ko da ya ke ba abin yabo ba ce a gare ni. Magana ce a kan ciwon baya da ciwon wuya, da kuma wani yaro wanda na zalunta saboda rashin sani. Ba zan faɗi sunansa ko sunan garinsu ba, gama ban roƙi izinin iyayensa ba.

Ni mutumin kan dutse ne, ɗan manomi. A ƙauyenmu ciwon baya ba baƙo ba ne, har ba a lissafta shi cikin cututtuka. Namiji ya kan wuni a sunkuye yana yin kunya da garma, ko yana noma da 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota. Mace kuwa ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 daga rafi, watau kilo 25 ke nan a bisa wuyanta, ta hau tudu da ita, ga kuma goyo a baya. Ta dawo ta daka acca, ta yi shara da gajeriyar tsintsiya, ta tuƙa tuwo a tsugune. Da maraice Baba ya kan kwanta rub da ciki a tabarma, ya kira autanmu ya ce, "Zo ka taka mini bayan nan." Mama kuwa in za ta tashi daga zaune sai ta dafa gwiwa ta ce, "Wayyo bayana." Mu yara ko ɗaga kai ba mu yi, don mun saba ji. Da wannan ra'ayi na girma, cewa ciwon baya rabon kowane mai aiki ne, mai ƙarfin hali ya jure, rago ne ke kuka da shi. A makarantar mishan an koya mana sunayen ƙasusuwa, mun haddace domin jarrabawa, amma ban taɓa haɗa abin da ke cikin littafi da bayan Mama ba.

To, a shekarar 2023 aka tura ni koyarwar gwaji a wata makarantar furamare, a wani ƙauye mai nisa da kwalta. Aka ba ni aji huɗu, yara 63. Ɗakin da aka saukar da ni babu tebur, saboda haka da dare na kan zauna a kan 'yar kujera, in ɗora littattafan yara a gwiwa, in haska da waya, in yi ta duba aikinsu kai a sunkuye har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. In na gama kuma sai in kwanta in ci gaba da kallon wayar. Allon ajin ya fashe daga sama, sai ƙasansa ke rubutuwa, dole in rubuta a duƙe. Kowace Jumma'a kuma in hau acaba zuwa gari, tafiyar awa biyu a kan hanyar duwatsu. Kafin mako huɗu sai kwankwasona ya riƙe, wuyana ya sanƙare, in za ni waiwaya sai na juya jikina duka. Na je wurin wani mai sayar da magani, ya ƙulla mini ƙwayoyi iri uku a leda, ban ko tambayi sunansu ba. In na sha sai ciwon ya lafa na rabin yini, ya dawo, cikina kuma ya fara zafi.

A cikin wannan hali ne na lura da yaron. Shekarunsa za su yi goma, siriri ne, mai shiru, yana zama a bencin ƙarshe kusa da bango. Da safe in yara suna share fili, kowa ya sunkuya da tsintsiyarsa, shi sai ya tsaya a miƙe kamar sanda. In abu ya faɗi ƙasa ba ya duƙawa ya ɗauka. Sai ya lanƙwasa gwiwoyinsa a hankali, bayansa a miƙe, ya dafa cinya da hannu ɗaya, ya lalubo abin da ɗayan. A aji kuma ya kan tokare benci da hannuwa biyu, kamar mai ɗaga kansa, wani lokaci ya yi ta gyangyaɗi. In an fita wasa ba ya gudu.

Wata safiya na tashi da ciwo ƙwarai, raina a ɓace, na same shi tsaye da tsintsiya a hannu. Na ce, "Kai, me ya hana ka shara kamar sauran yara?" Ya ce, "Malam, bayana ke ciwo." Na ce, "Ni ma bayana yana ciwo, ga ni kuwa ina aiki. Yaro kamarka, ina ka ga baya?" Yara suka yi dariya. Sa'an nan na sa shi kamun kunne a gaban aji. Ya gwada, ya kāsa, na tsawata masa, ya sāke gwadawa, sai ya yi wata ƙara ya zube a gefe yana kuka. Har a lokacin zuciyata tana ce mini wayo ne na ragon yaro. Na bar shi ya koma wurin zamansa, na ci gaba da darasin lissafi.

Da ciwon cikina ya yi yawa, ranar wata Asabar na je wani asibiti a gari. Likitar da na samu dattijuwa ce, mai magana a hankali. Ta sa na tsaya, na sunkuya, na taka da yatsun ƙafa, na taka da diddige, ta kwantar da ni ta ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, ta bubbuga gwiwata da 'yar guduma. Sa'an nan ta zauna ta shiga yi mini tambayoyi. "Malam, kana zazzaɓi da yamma? Kana gumi da dare har tufa ta jiƙe? Ka rame? Ka daina son abinci? Ciwon yana tashe ka cikin dare ko da ba ka motsa ba? Akwai mai dogon tari a gidanku? Ƙafarka tana sagewa, ko tana kāsa ɗaukarka? Fitsari ko bayan gida yana kuɓuce maka? Ka faɗi daga wani wuri?" Duka na ce a'a. Ta ce, "To, madalla. Naka irin na kowa ne. Tsoka da jijiyoyi ne suka gaji. Ba ka bukatar hoto, ba ka bukatar allura. Ka watsar da ƙwayoyin nan na leda, su ne ke cin cikinka. Ka nemi tebur, ka riƙa tashi kana miƙewa, ka yi tafiya da ƙafa kowace rana. Kada ka kwanta ka ce kana jinya, kwanciya ƙara shi ta ke yi."

Ina jinta, amma hankalina ya riga ya tafi bencin ƙarshe. Ramar nan da ta tambaya, na gan ta a wuyan rigar yaron. Gyangyaɗin nan, ashe mai yiwuwa ne ba ya samun barci da dare. Na ce, "Likita, in yaro ne fa, mai shekara goma, ba ya iya sunkuyawa, yana ramewa?" Ta ajiye alƙalami ta ce in kwatanta mata yadda ya ke ɗaukar abu a ƙasa. Na tashi na kwaikwaya. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, babba ya ce bayansa yana ciwo, sau da yawa ba kome ba ne. Ƙaramin yaro ya yi makonni yana cewa haka, har ya bar wasa, lalle a bincika. Ka kawo mini shi cikin makon nan." Ban iya gaya mata maganar kamun kunne ba. Kunya ta hana ni.

Ran Lahadi bayan sujada na faɗa wa Hedimasta, muka tafi gidansu tare. Uban ya karɓe mu da mutunci, ya shimfiɗa mana tabarma. Ya ce ciwon ya kai wata biyar. Sun kai shi wurin wanzami an yi masa ƙaho, sun kai shi wurin maɗori ya murza, an ce sanyi ne ya shige shi. Uwar ta ce da dare ya kan farka da kuka, jikinsa sharkaf da gumi. Na tambaya ko akwai mai tari a gidan. Suka ce kakansa ne, wanda yaron ke kwana a ɗakinsa, ya yi ta tari har ya rasu a damina ta wuce. Na roƙa a cire masa riga. A tsakiyar gadon bayansa, ƙasa da kafaɗu, sai ga wani ɗan ƙashi ya turo kamar gaɓar yatsa. Uban ya ce, "Malam, ga girbi ya zo, ga babu kuɗi a hannu. A bari mu sayar da dankali tukuna." Hedimasta ya ce, "Baba, dankali zai jira, wannan ba zai jira ba. Kuɗin mota ni da Malam za mu biya." Da ƙyar ya yarda.

Aka ɗauki hoton ƙashinsa, aka yi waɗansu gwaje-gwaje, aka ce tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Na yi mamaki, gama yaron ba ya tari. Likita ta bayyana mini cewa ƙwayar cutar ta kan shiga ta huhu, ta bi jini, ta je ta zauna a ƙashi, kuma a cikin ƙasusuwan jiki babu wanda ta fi kamawa kamar na baya. Sai ta yi ta cin gaban ƙashin sannu a hankali har ya rushe, baya ya tanƙware, shi ne doron da mu ke gani ga waɗansu mutane mu ce haka aka halicce su. In ruɓa ko rusasshen ƙashi ya danne laka, ƙafafu su shanye. Wani likitan fiɗa na Ingila mai suna Percivall Pott ya kwatanta wannan ciwo tun 1779, har yau da sunansa likitoci ke kiransa, Robert Koch na Jamus kuma ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Watau abin da duniya ta sani fiye da shekara ɗari biyu, ni da ke shirin zama malami ban sani ba. Aka ɗora shi a kan magani, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta, aka ce zai sha kowace rana har wajen shekara guda ba fashi. Aka kuma yi masa wata riga mai tauri da ke riƙe baya, aka duba sauran mutanen gidan.

Tun daga nan na shiga karanta abin da na samu a ɗakin karatu na kwaleji a kan wannan al'amari, ina kuma tambayar masu aikin asibiti. Bari in taƙaita muku abin da na koya, gama kowannenmu zai tsaya gaban aji ba da daɗewa ba.

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a kwankwaso, sa'an nan 5 da suka manne suka zama ƙashi guda a tsakanin ƙugu, da waɗansu 4 ƙanana a can ƙarshe kamar guntun wutsiya. Abin mamaki, raƙumin dawa da dukan tsawon wuyansa, shi ma ƙasusuwa 7 ne gare shi a wuya kamar ni da kai. A tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai wani faifan guringuntsi, mai tauri a gefe, mai laushi a tsakiya, guda 23. Aikinsa aikin gammo ne, yana hana ƙashi gugar ƙashi, yana kuma rage girgiza. Da rana nauyin jiki ya kan matse ruwan da ke cikin gammon nan, da dare ya koma, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kimanin santimita 1. Kuna iya gwada wannan da yaran ajinku, da ma'auni da alli a jikin bango. Ta cikin ƙasusuwan nan laka ta bi daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta dama da hagu zuwa hannuwa da ƙafafu. Tsoka da igiyoyin nama su ne ke riƙe da ginin duka, kamar yadda igiyoyi ke riƙe da tanti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon kwankwaso, ana kuma zaton za su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Amma cikin kowane goma, wajen tara irin nawa ne, watau ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ita ce. Tsoka ce ta gurɗe ko ta gaji. Abubuwan da ke jawo shi su ne waɗanda muka sani: ɗaga kaya mai nauyi a duƙe, musamman in mutum ya murɗa jiki da shi, daɗewa a sunkuye ko a zaune wuri guda, girgizar mota ko babur a mummunar hanya, ƙiba, shan taba, rashin motsa jiki, rashin barci. Har damuwa ma tana sa tsokar wuya da ta baya su ɗaure, kowa ya lura da kansa a makon jarrabawa. Irin wannan ya kan yi sauƙi ƙwarai cikin mako shida, ko da ya ke ya kan sāke dawowa. Maganinsa shi ne mutum ya ci gaba da harkokinsa gwargwadon iyawa, ya gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya rage abin da ya jawo shi.

Wani lokaci kuma gammon nan ne ke tsagewa a gefe, laushin ciki ya turo ya taɓa jijiya. Wannan ya fi faruwa a ƙasan kwankwaso. Mai shi ya kan ji zafi kamar wuta yana bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinya har ƙafa, in ya yi tari ko atishawa ya ƙaru. Hanyar babbar jijiyar ƙafa ke nan, wadda ta fi kowace jijiya girma a jiki. In a wuya abin ya faru, zafin da sagewar su bi kafaɗa zuwa yatsun hannu. Yawancin masu wannan ma su kan warke cikin 'yan watanni ba tare da fiɗa ba. Sai kuma na tsufa, irin na iyayenmu. Da shekaru gammo ya kan bushe ya yi siriri, gaɓoɓi su cinye, ƙashi ya yi 'yan tsiro a gefe. Waɗansu tsofaffi hanyar jijiya ta kan ƙuntata, in sun yi tafiya kaɗan ƙafafu su yi nauyi, sai sun zauna ko sun duƙa a kan sanda su ji sauƙi. Mata bayan sun daina haila ƙashinsu ya kan yi rauni, har ƙaramar faɗuwa ta murƙushe ƙashin baya. Mai ciki ma bayanta ya kan yi ciwo saboda nauyin da ke gabanta da sakin da gaɓoɓin ƙugu ke yi. Wani abin lura kuma, in aka ɗauki hoton bayan manyan mutane waɗanda ba su jin ciwon kome, da yawa za a ga alamun cinyewar nan. Saboda haka kada wanda aka ce an ga wani abu a hotonsa ya ɗauka tasa ta ƙare.

Game da wuya, ku tuna kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. In yana zaune daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya wahala. In aka sunkuyar da shi gaba, sai tsokar ƙeya ta yi ta ja don kada ya faɗi, kamar mai riƙe da guga hannu a miƙe. Minti biyar ba kome, amma mu awa uku mu ke yi a kan littafi ko waya. Matashin kai mai tsawo ƙwarai, ko kwanciya rub da ciki da kai a murɗe, su kan sa mutum ya tashi wuya a sanƙare, wannan kuwa ya kan sake cikin 'yan kwanaki. Sai hatsarin babur ko mota, inda kai ke fizguwa gaba da baya. In kun iske wanda ya yi hatsari yana kukan wuya, kada ku ɗaga shi kamar buhu, kada ku murɗa kansa. A riƙe kan daidai da jiki, a ɗauke shi a kan katako ko wani abu mai tauri. Da yawa sun shanye a hannun masu taimako.

Yanzu ga wanda ya fi muhimmanci, watau ɗayan nan cikin goma wanda ba na gajiya ba ne. Ban da tarin fuka, ciwon ƙoda ya kan ba da zafi a gefen baya ƙarƙashin haƙarƙari, tare da zazzaɓi ko zafin fitsari. Yaro mai sikila in ciwonsa ya tashi ya kan kama baya da ƙasusuwa. Akwai wata cutar dabbobi da ke shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ta kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon kwankwaso. Ciwon daji ma ya kan yaɗu zuwa ƙashin baya, musamman ga manya. Sanƙarau kuwa kowa ya san sunansa: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, a lokacin zafi da ƙura. A annobar 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a arewacin Nijeriya. Yaron da ya zo aji da zazzaɓi da sandararren wuya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Ba aikinmu ba ne mu san wace cuta ce, aikin likita ne. Namu shi ne mu san lokacin da za a daina cewa zai wuce. Tambayoyin nan da likita ta yi mini na rubuta su a bangon littafina na shirin darasi, ina roƙonku ku ma ku rubuta: zazzaɓi, gumin dare, rama, ciwon da ke tashin mutum cikin dare, sagewa ko raunin ƙafa, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, kuɓucewar fitsari ko bayan gida ko kāsa yinsu, faɗuwa ko hatsari, da mai dogon tari a gida. In ɗaya daga cikinsu ya haɗu da ciwon baya ko na wuya, sai asibiti. In kuwa fitsari ne ya ƙi fita ko ya ke kuɓucewa, ko ƙafa ta fara mutuwa, a tafi nan take ko da tsakar dare ne. Ku kuma yi hankali da ƙwayoyin leda. Irin su ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi, amma in aka daɗe ana sha su kan ci ciki su ɓata ƙoda. Tiramadol kuwa samari nawa ne suka fara shi don su jure aikin gona ko aikin haƙar ma'adini, suka kāsa bari.

Sauran kuwa abubuwa ne ƙanana da ke hannunmu. In za ka ɗaga kaya, ka matso kusa da shi, ka lanƙwasa gwiwa, kada ka murɗa jiki, in ya yi nauyi ka kira wani. Kada mu aiki ƙananan yara ɗaukar bulo ko manyan jarkoki da sunan aikin makaranta. Mu duba jakunkunansu, mu duba bencinsu, kada mu bar su zaune wuri guda tun safe har tashi. A tsakiyar dogon darasi a ce kowa ya tashi ya miƙe hannu sama, minti biyu ya isa. Horon kamun kunne da tsallen kwaɗo kuwa, ni dai na bar su har abada. Da na je hutu na sa wa tsintsiyar Mama doguwar sanda, na ɗaga mata murhu da duwatsu, na roƙe ta ta riƙa raba ruwan nan gida biyu. Ta yi mini dariya ta ce boko ya sa ni iyayi, amma na ga tana amfani da tsintsiyar.

Ciwona ya tafi cikin mako uku, bayan Hedimasta ya ara mini tebur. Kafin in bar ƙauyen na je gidan yaron. Na same shi zaune a inuwa cikin rigarsa mai tauri. A gaban ubansa da uwarsa na faɗi abin da na yi masa a aji, gama shi bai taɓa gaya musu ba. Na ce, "Ka gaya mini gaskiya, ban yarda da kai ba. Ka gafarta mini." Ya sunkuyar da ido ya ce, "Ba kome, Malam." Uban ya ce, "Haba Malam, ai kai ka kai shi asibiti." Amma ni na san da a ce bayana bai yi ciwo ba, da ban je wurin likita ba, da kuwa na gama koyarwata na tafi ina kiransa rago.

A ƙarshen 2024 na sāke ziyartarsu. Ya gama shan magani, ya yi ƙiba, ya koma makaranta, yana tafiya da ƙafafunsa. Ɗan doron nan dai yana nan, an ce ba zai koma ba, za a kuma riƙa duba shi har ya gama girma. Duk sa'ad da na tuna da watanni biyar da ya yi kafin a kai shi, da makonnin da ya yi a gabana ina kallonsa, sai in yi tunanin ko da an yi sauri da bayansa ya tsira a miƙe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mu malamai kuwa muna son karin maganar nan ƙwarai in za mu yi horo. Ni yanzu in na ji ta sai bayan yaron nan ya faɗo mini a rai.

Saboda haka, 'yan'uwa da za ku fita koyarwar gwaji a zango mai zuwa, in yaro ya ce muku wani wuri yana yi masa ciwo, ku ajiye bulala ku yi masa tambaya. Ku dubi yadda ya ke tafiya, da yadda ya ke zama, da ko yana wasa da 'yan'uwansa. In kun yi shakka, ku je gidansu. A ƙauyuka da yawa malami ne kaɗai mai ilimin boko da ke ganin yaron kowace rana. Allah ya ba mu idon lura da zuciyar tausayi, ya kuma ba iyayenmu da ke fama da bayansu sauƙi. Amin.